Mai Jifa Na Uku

Ƙwallon ta wuce saman kan Ubai ta daki shingen wayar da ke bayansa. Ubai, wanda shi ne mai cafe wa ƙungiyar ƙwallo tun kafin furfura ta fito masa, bai ko miƙe ya bi ta ba. Ya ɗage abin kare fuskarsa ya juya wajen kocinsu.

"Tadao, tambayar min ɗan yayarka, ni yake jifa ko jirgin Guam?"

'Yan benci suka kwashe da dariya. Tadao bai taya su ba. Ya tofar da jan yawun buuch, wani ɗan itace mai kama da goro da yake taunawa, a cikin gwangwani, ya ɗaga wa Uchel, ɗan yayar tasa, hannu alamar ya sake. Uchel ya goge gumi, ya gyara tsayuwa a kan tudun jifa, ya sako wata. Wannan ta shiga safar hannun Ubai da ƙarar da ta sa wani kare da ke kwance a gindin benci ya tashi ya canza wuri. Ta bayanta kuma ta faɗi a ƙasa tun kafin ta iso.

Asabar ce ta ƙarshe kafin a buɗe kakar yakiu, wasan ƙwallon da ake jefawa a buga da sanda, a garin Koror, kuma a ranar kowane koci yake faɗin masu jifa uku da za su riƙa fara masa wasa bi da bi. Biyu an gama da su, ba mai musu a kai: Olkeriil bahago da wani ɗan sanda mai suna Masao. Gurbi na uku ne ya hana Tadao sakat. A bana za a zaɓi 'yan wasan da za su wakilci ƙasa a gasar tsibirai, masu zaɓen kuwa masu fara jifa kaɗai suke kallo. Ɗan canjin da ake turawa a zagayen ƙarshe, bayan wasa ya riga ya lalace, ko sunansa ba sa tambaya.

Mutum biyu ne ke neman gurbin. Ɗaya Uchel, ɗan Sariang, yayar Tadao. Ɗayan Kerai, ɗan cikinsa.

Da Kerai ya gama nasa jifan aka tafi hutu, Ubai ya zo ya zauna kusa da Tadao yana kwance kayan gwiwarsa.

"Ka ga tafin hannuna? Wannan jan na Uchel ne. In ta zo, ta zo da gaske. Matsalar dai sai ta ga dama take zuwa. Kerai kuwa, ko a aljihun wando na ce ya sa min, a nan zan same ta."

"Na tambaye ka?"

"Ba ka tambaya ba, shi ya sa na ba ka kyauta."

"To riƙe kayanka."

"Na riƙe. Ni ai yayata ta rasu, zan iya faɗin gaskiya in kwana lafiya."

Tadao ya tashi ya ɗauki makullin mota. Lokacin ɗauko abincin 'yan wasa ya yi, abincin kuma yana wurin Sariang.

Rumfarta na bakin titi, inda mata ke sayar da gwaza da rogo da kifi mai hayaƙi. Ita da matan danginsu suke ciyar da ƙungiyar kowace kaka, ba wanda ya taɓa roƙonsu, ba kuma wanda ya isa ya ce su bari. Ya same ta tana ƙulle dafaffen rogo a ganye. Ba ta ɗago ba.

"Yaya, sannu da aiki."

"Ƙanena. Ka rame fa. Matarka Umai ta daina dafa maka ne?"

"Rana ce kawai."

"To. Matan gida sun ce in tambaye ka wace ranar ce ta Uchel, don su bar gonar gwaza su zo kallo."

"Ban yanke ba tukuna."

"Me za ka yanke? Kifi ne?"

Matar da ke rumfar kusa ta ƙunshe dariya ta shiga gyara tsibin ayabarta. Tadao ya rage murya.

"Yaya, jifansa bai zauna ba. Ƙarfi kam akwai. Amma in na sa shi ya fara, kafin a je ko'ina ya raba wa abokan karawa tafiya kyauta da jifan da ke kaucewa."

"Sai ka zaunar masa da shi. Aikin wa ne? Ubansa yana can Guam, ko yana nan ma ba huruminsa ba ne." Ta ɗaure wani ƙulli ta ajiye. "Kai wa ya fara ɗora ka a kan tudun nan? Baba ne?"

"Kawu Isao ne."

"Kana da jifa a lokacin?"

Tadao ya juya yana duba kwandunan abincin.

"In ka ɗaga hannu har kaji sai sun watse," in ji ta. "Ɗauki kwandon can, a hankali, akwai miya a ciki."

Iyakar maganar ke nan. Sariang ba ta yin barazana, don ba ta buƙatarta. Ita ce babbar mace a gidan, kuma matan gida su ke faɗin namijin da zai riƙe sarautar dangi in mai ita ya kau. Tadao ya san wannan, amma zalunci ne a ce ita kaɗai ta tsaya masa a rai. Abin ya fi haka zurfi. A al'adarsu, ɗa na dangin uwarsa ne. Kerai yana cin abincin Tadao, yana kwana a ƙarƙashin rufinsa, har hancinsa ya ɗauko, amma ranar da Tadao ya mutu Umai za ta kwashe 'ya'yanta su koma Airai, tsallaken gada, wurin 'yan'uwanta. Uchel ne zai zauna a ƙasar gidan, shi zai share kabarin. Tadao bai taɓa ganin aibun wannan tsari ba. Shi ma da shi ya zama mutum.

Sai dai Kawu Isao ba shi da ɗan da ya iya lanƙwasa ƙwallo. A kan wannan Tadao ya yi ta tunani a mota, har mai tasi na bayansa ya gaji ya danna masa hon. Tadao ne ya rataya wa Kerai tsohuwar taya a bishiyar mangwaron bayan gida tun yaron bai kai ƙugunsa ba. Shi ya tsuguna masa da yamma bayan ya taso daga aikin tashar jiragen ruwa, gwiwa na ciwo, har yaron ya iya zura ƙwallo ta ramin tayar ido rufe. Yana son yaron nan, kuma ya san ya fi Uchel. Bai taɓa ruɗin kansa a kan ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Ya iso fili ana yayyafi. Suka taru a ƙarƙashin rumfar benci suka ci abinci a tsaye, kowa na hira amma ido na kansa. Da aka gama ya goge hannu a wando.

"Olkeriil zai buɗe mana ranar Asabar. Masao wasa na biyu." Ya dubi gwangwaninsa. "Na uku Uchel."

Ubai ya shiga ɗaure igiyar takalmin da take a ɗaure. Uchel ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Kerai ne ya fara motsi: ya taka ya miƙa wa Uchel hannu, ya dafa kafaɗarsa, sannan ya ɗauki bokiti ya shiga cikin yayyafin yana tsince ƙwallaye.

Tadao ya bi shi.

"Kai za ka riƙa karɓarsa in ya gaji. Ba zai daɗe ba, ka sani. Za ka yi jifa da yawa."

"To, Baba."

"Baɗi kuma Olkeriil zai ajiye."

"To."

Da yaron ya yi gardama da ya fi masa sauƙi, don ya tanadi amsoshi tun a mota. Kunya ce ta kama shi, irin wadda ba ta da wurin ajiyewa. Kerai ya ce kada ya jira shi, zai taka da ƙafa. Tadao ya tsaya da Uchel bayan kowa ya watse, shi da kansa ya tsuguna yana cafe masa.

"Kawu," in ji Uchel bayan wata ta sake dukan waya, "ka san fa Kerai ya fi ni."

"Ɗaga gwiwar hannunka. Kana jifa kamar mai korar akuya."

Rana ta yi sanyi kafin ya isa gida. A tsakar gidan ya tarar da wata a-kori-kura mai lambar Airai, mai ita kuma yana zaune a kan benci a gindin mangwaro, ya baje kayan taunarsa kamar gidan nasa ne. Rengiil ne, yayan Umai, kocin 'yan Airai. Shekara da shekaru suna karawa, in sun haɗu a biki ko jana'iza kuma su zauna kusa da juna suna yi wa juna tsiya.

"Surukina," in ji Rengiil, "zo ka zauna, na kawo maka kifi. Na ji ka yi aikin kirki yau."

"Labari har ya tsallaka gada?"

"Gadar nan ai don labari aka gina ta. Ka kyauta. Da ni ne ma haka zan yi. Mutumin da ya tsallake ɗan 'yar'uwarsa, wa zai ƙara ba shi wurin zama?" Ya barbaɗa farar hoda a kan buuch ya naɗe da ganye ya miƙa masa. "Shi ya sa na zo."

Tadao ya karɓa bai kai baki ba.

"Na daɗe ina roƙon Umai ta ba ni yaron nan. Kullum sai ta ce in bari, ubansa na buƙatarsa, kada in shiga tsakani. Na bari, don ina ganin girmanka. Ɗazu ta kira ni ta ce yanzu ba ka buƙata."

Umai tana bakin ƙofar kicin tana goge rogo a kan magogi. Ba ta daina ba.

"Umai, haka ne?"

"Baban Kerai, ka yi wa ɗan yayarka abin da ya kamata. Ban ce maka komai ba. Shi ma yaron nan yana da kawu."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma yi fushi ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Duk kalmar da za ta hana Rengiil, ita ce za ta rushe abin da shi ya yi da rana. Ba za a rufe rajistar 'yan wasa ba sai Litinin, wannan ma ya sani.

Kerai ya fito daga ɗaki da jaka a kafaɗa, takalman wasansa a rataye a wuya.

"Kai kana so?" Tadao ya tambaye shi.

"Kawu ya ce in zo."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

Yaron ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi ƙasa. "Ina so in fara wasa, Baba."

"Zai fara kuwa," in ji Rengiil yana tattara kayansa. "Asabar ɗin nan ma. Da ku za mu buɗe, in ba ka manta ba. Ka gaya wa Olkeriil ya sha maganin gwiwa."

Suka shiga mota. Tadao yana tsaye da ƙullin ganyen a hannu sai wani abu ya faɗo masa. Kerai yana da wata ɗabi'a: duk sa'ad da zai sako ƙwallo mai lanƙwasa, yakan ɗan buɗe safar hannunsa kafin ya ɗaga ƙafa. Ba kowa ke lura ba. Tadao ya daɗe da gani yana cewa zai gyara masa. In ya ɓoye wa yaron ya faɗa wa masu bugun ƙungiyarsa, ranar Asabar za su san kowace ƙwallo tun tana hannun yaron, wasa ya zama nasu. Koci ne, kuma bai taɓa ba abokin karawa ko ruwan sha ba a makon wasa.

Rengiil ya tayar da mota. Tadao ya taka da sauri ya dafa tagar da ke gefen ɗansa, ya sunkuya, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kana buɗe safa kafin mai lanƙwasa. Duk mai ido zai karanta ka. Ka gyara kafin Asabar."

Kerai ya dube shi, da alamar tausayi a fuskarsa.

"Na sani, Baba. Kawu ya nuna min tun watan jiya da muka je jana'iza. Na daina. Yau ma ban yi ba ko sau ɗaya."

"Af, haka ne," in ji Tadao. Ya cire hannunsa daga tagar.

Motar ta fita ta hau titi. Ya daɗe a wurin yana ƙoƙarin tuno jifan Kerai na safiyar. Ya tuna ƙarar waya, ya tuna gwiwar hannun Uchel, ya tuna har karen da ya canza wuri. Hannun ɗansa ne bai iya tunowa ba, don bai kalla ba.

Daga kicin Umai ta tambaye shi ko a gasa kifin ne ko a dafa.