Takalman Trofim

Masu ilimi suna ta lissafa abin da ya kayar da Jamusawa a ƙasarmu: nisa, taɓo, man motoci da ya daskare. Ban musa musu ba. Amma ni in ka tambaye ni, takalmi zan ce maka.

Surukata Fedosya ce mai yi wa ƙauyenmu takalman hunturu na gashin tumaki, kuma ba ta taɓa yin wanda ya zauna daidai ƙafa ba. Sai ta bar wurin da za a naɗa tsumma, a cusa busasshiyar ciyawa. Ranar da aka kira ɗanta Trofim, mijina, zuwa yaƙi, ya saka nasa yana ta mita wai ta ba shi kwale-kwale biyu, abokansa za su yi masa dariya. Ta ce su yi, dariya ba ta tsinke yatsa. Haka ya tafi yana jan ƙafa, ni kuwa ina ta kuka.

Da kaka Jamusawa suka shigo mana. Kowa fuskokinsu yake kallo, Fedosya kuwa ƙafafunsu. Takalman fata ne masu ƙyalli, sun kama ƙafa cif, ƙarƙashinsu ƙusoshin ƙarfe jere. Ta taɓe baki ta ce mini waɗannan ba su zo da niyyar ganin hunturu ba, an gaya musu kafin sanyi an gama.

Sanyin kuwa ya zo da wuri, ƙarfen nan ya riƙa zuƙo shi yana kai wa ƙashi. Cikin waɗanda aka jibge mana a gida akwai wani Reinhold, sa'an Trofim. Wata safiya takalminsa ya ƙi fita. Ni dai na ce ya mutu ma mana, wa ya gayyace shi? Fedosya ta ɗauko wuƙa ta farke fatar takalmin. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin. Ta shafa wa sauran yatsun kitsen dinya, na kuma san ba ƙafarsa take gani ba. Wata huɗu ke nan ba mu ji ko ɗuriyar Trofim ba.

Kafin sabuwar shekara sojojinmu suka kore su, da yawansu a kan keken doki saboda ba sa iya takawa.

Ƙanƙara ta fara narkewa Trofim ya dawo, hannun hagu rataye a wuya. Na faɗa jikinsa. Uwarsa ko hannun ba ta kalla ba, ta zaunar da shi a benci, ta durƙusa, ta zare takalman da suka sha faci, ta warware tsumman. Ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya tana taɓawa. Goma cif.

Ya ce, "Inna, har yanzu fa sun yi mini yawa."

Ta ce, "Yi mini shiru, ja'iri." Sannan ta kifa goshinta a kan ƙafafunsa, ta daɗe ba ta ɗago ba.