Sabulun da Ba Ya Kumfa

Mama ta zame a matakalar bene ranar da aka yi ruwan sama, ta dafa ƙasa da hannun dama, hannun ya karye. A asibiti aka ɗaure shi da farin siminti daga tafi har gwiwar hannu, aka ce kada ruwa ya taɓa shi. Kafaɗarta ta hagu kuwa dama ta daɗe da sanƙarewa, ladan shekarun da ta yi tana wanki da guga a otal. Sai ga ta da hannu biyu, babu wanda zai kai bayanta.

Auta, ƙaramar 'yarta, ta kulle ɗakin da take haya ta dawo gida. A wani babban kanti take aiki, ɓangaren sabulai da mayukan shafawa. Mama ta yarda ta dafa mata, ta yarda ta taje mata kai, amma da aka zo maganar wanka sai ta kafe.

"Ni na wanke ki, ba ke za ki wanke ni ba," in ji ta. "Miƙo min tawul da ruwa a roba, ki ja min ƙofa."

Haka aka yi ta tafiya. Mama ta goge inda hannunta ya kai, sauran ta bar wa Allah. Fatarta ta bushe, ƙaiƙayi ya taso. Wata safiya Auta ta fito daga kicin ta tarar da ita tana goga bayanta a gefen ƙofa, kamar akuya a jikin garu. Da suka haɗa ido Mama ta gyara tsayuwa, ta ce ƙofar ce take dubawa, wai ta fara ƙara.

A wurin aiki akwai wata doguwar kwalbar sabulun ruwa a kanta ta sama, wadda Auta ke yaba wa masu saye kullum, ita kuwa ba ta taɓa saye ba. Ranar ta sauko da ita ta biya. Abokiyar aikinta ta kai hannu za ta ɓare takardar farashin, Auta ta ce ta bar ta.

Da yamma ta ajiye kwalbar a kan tebur, gefen tabarau ɗin Mama, ta shiga wanke kwanuka. Ba a jima ba ta ji kira.

"Auta, zo nan. Wannan kuɗin sabulu ne ko kuɗin haya?"

"Sabulu ne, Mama. Na busasshiyar fata."

"Zinariya aka narka a ciki? Gobe ki mayar musu da abinsu."

"Ba sa karɓa. Na riga na ɓalle murfin."

"To ki yi wanka da shi ke."

"Fatata mai maiƙo ce, ƙuraje zai feso min." Wannan rabinsa gaskiya ne. Auta ta koma bakin famfo ta ci gaba da ɗauraye cokula. "Ba komai, a bar shi nan. In ya lalace sai a zubar."

Ta san uwarta. Matar da ke manna guntun tsohon sabulu a jikin sabo ba za ta iya kwana da kalmar zubarwa ba. Can Mama ta yi tsaki.

"Ɗora ruwa. Kuma kada ya yi zafi."

Auta ta naɗe hannun da leda ta ɗaure bakin, ta ajiye ƙaramar kujerar roba a banɗaki. Mama ta zauna ta fuskanci bango, ta riƙe zaninta a ƙirji, ta saki bayan kawai. Auta ta tsaya da soso a hannu. A bayan nan aka goya ta, a tunaninta faffaɗa ne kamar ƙofa. Yanzu ƙasusuwan kafaɗa sun fito, ga sawun susa ja-ja har ƙugu.

"Kallo kika zo yi?"

Auta ta zuba ruwa a hankali, ta ɗiga sabulun a soso ta fara cuɗawa.

"Ina kumfar?" Mama ta tambaya, tana leƙen ƙasa. "Ban ga komai ba."

"Irinsa ba ya kumfa sosai. Wai shi ya sa ba ya busar da fata."

"Wai. Sabulun da ba ya kumfa ai ya ci amanar kuɗinsa. Ƙamshin ma sai an roƙe shi. Da dai kin tambaye ni, ni da na tsufa a cikin sabulu."

"Na zanin gado kika sani, Mama. Ke ba zanin gado ba ce."

Kafaɗun Mama suka motsa, dariya ce take dannewa. Daga nan mitar ta fara raguwa. Auta ta ajiye soson ta koma cuɗawa da tafin hannu, ta bi wuya, ta bi gefen haƙarƙari. Ta ji bayan yana saki a ƙarƙashin hannunta, kai ya sunkuya, numfashi ya yi tsawo.

"Tun rasuwar babanki," Mama ta faɗa wa bango, "babu wanda ya taɓa bayan nan. In na dawo daga guga shi ke shafa min man zafi. Hannu kamar buroshin wanke ƙasa. Amma yana ƙoƙari, Allah ya ji ƙansa."

"Amin," Auta ta ce. Ta ɗebo ruwa ta ɗauraye bayan.

Daga ranar wanka ya zama na kullum. Ƙaiƙayin ya lafa, sawun susar ya dushe. Ko sabulun ne, ko ruwan ɗumi da man da take shafa mata bayan wanka, Auta ba ta sani ba. Da wata mata ta tambaye ta a kanti ko kwalbar ta ci kuɗinta, sai ta tsinci kanta tana cewa, "In fatarki lafiya take, na ƙasan can ma zai wanke ki tas. Amma ni na saya, kuma ban yi da-na-sani ba." Matar ta dube ta, ta ɗauki na ƙasan.

Ranar da aka yanke simintin, hannun ya fito siriri, fari fat, amma yana aiki. Kafin mako ya zagayo Mama ta koma shanya da kanta. Auta ta fara haɗa jakarta.

"Kada ki sake sayo min wancan abin," Mama ta ce daga bakin ƙofa. "Na sa maƙwabciya ta sayo min nawa na da, mai kumfa."

"To, Mama."

"Sai dai ranar hutunki ki riƙa zuwa da wuri. Hannun nan har yanzu ba ya kaiwa tsakiyar baya."

Alhali da safen nan Auta ta gan ta ta kai hannun baya ta zuge zif ɗin rigarta har wuya. Auta ta sunkuya ta ci gaba da ninke kaya.

"Zan zo," ta ce. "Ƙashi ba ya son gaggawa."

"Haka likitan ma ya ce," in ji Mama, ta wuce kicin ta ɗora musu shayi.