Hannayen Saodat

Yayata Saodat ta fara tsige wa mata gira da zare tun kafin a yi mata aure. A unguwarmu da ke bayan kasuwar Panjshanbe a birnin Khujand, da wuya ki sami amaryar da aka kai gidan miji ba ta kwanta a kan shimfiɗarta ba. Takan kama bakin zaren da haƙori, ta murɗa shi a yatsu, kanta yana gaba yana baya kamar mai gyangyaɗi, kafin shayinki ya huce ta gama. Sai ta matse ganyen usma, mai baƙanta gashi, ta ja miki gira da ruwansa. Ba ta da takardar komai, ba kuma wanda ya taɓa tambayarta.

Daga baya amare suka fara zuwa da hotuna a waya. Wannan tana son gashi ruwan zuma, waccan tana son a yi mata zane-zanen fari a cikin baƙi. Saodat ba ta iya ba. Sai suka koma shagunan kwalliya na bakin titi, ita kuma aka bar mata tsofaffi da 'yan biki masu sauri. Mijinta yana aikin gini a Rasha, sai da hunturu yake leƙowa, 'yarsu Sitora kuma ta fara zama budurwa.

Farangis ce ta kawo maganar. Saodat ce ta yi mata kwalliyar aurenta shekarun baya, yanzu ta buɗe shago mai kujeru huɗu da madubi har rufi.

"Apa, kujera ɗaya taki ce," in ji ta, don Apa muke kiran yaya mace ko wadda ta girme mu. "Amma sai da lasisi a bango. Masu dubawa suna zuwa, ba ruwansu da wa ya iya, takarda suke nema. Ki shiga makaranta ki koyi rini da yankan gashi, ki zauna jarrabawa, shi ke nan."

Haka Saodat ta shiga makarantar koyon kwalliya tana da shekara arba'in da ɗoriya, cikin 'yan matan da ta haifi sa'anninsu. Suna kiranta Hola, wato gwaggo, suna kuma ɓoye mata tabarau don su ga tana lalube. Ba ta damu ba. Abin da ya ba ta wahala karatun ne: sunayen sassan fata, cututtukan da ake ɗauka ta almakashi da mataji, yadda ake dafa kayan aiki. Sitora ce ke riƙe mata littafi tana yi mata tambayoyi a wajen wanke-wanke.

Bayan an gama da kawunan roba, malamarsu, Mu'allima Barno, ta ce kowace ɗaliba ta kawo kai mai rai. Ni ce kan Saodat. Nakan bar wa maƙwabciyata rumfar busassun 'ya'yan itacen da nake sayarwa in tafi in zauna mata.

"Zebo, ki daina motsi."

"Apa, abin yana cin fatar kaina."

"Bakinki ne ke cin ki. Yi shiru in gama."

A cikin kaka ɗaya gashina ya yi ja, ya yi ruwan ƙasa, ya yi wani launi da Mu'allima Barno ta kalla ta ce ba ta san sunansa ba. Mijina Homid, direban tasi ne, kullum shi ke ɗauko ni. Ya ce, "Ki riƙa gaya min launin da za ki fito da shi, kada wata rana in ɗauko matar wani a kama ni."

Mun yi dariya sosai a wannan lokacin. Saodat ta rame amma fuskarta ta yi haske. Ta fara yi mana magana irin ta malamai, tana kama haɓar Homid tana ce masa fatarsa mai maiƙo ce.

Da sanyi ya shigo na fara lura tana goga yatsunta a gefen tebur. Na tambaye ta, ta ce ruwan sanyi ne. Sai ƙananan ƙuraje masu ruwa suka fito mata a tsakanin yatsu, suka fashe, fatar ta bushe ta tsattsage. Ta shafa man kitsen tunkiya, ta shafa wani da aka ce daga Indiya yake. Ranakun da ba makaranta abin yakan lafa. Ranar da aka yi rini kuwa, kafin ta iso gida hannayen sun kumbura har zobenta ya ƙi fita, sai da aka yanke shi.

Mu'allima Barno ce ta kama ta. Ina zaune a kujera, kaina cike da rini, ta zo wucewa ta tsaya.

"Saodat, cire safar nan."

"Mu'allima, ban gama ba."

"Cire."

Ta cire. Malamar ta daɗe tana kallon hannayen ba ta taɓa ba. Sannan ta sa wata ɗaliba ta wanke min kai, ta ce wa Saodat kada ta dawo sai ta ga likitan fata.

Ni na raka ta. Likitar ta manna mata wasu 'yan filastoci a baya, ta ce mu dawo. Da muka koma aka ɓare, wuri ɗaya ya tashi ja kamar an ɗora masa garwashi.

"Sinadarin da ke cikin rinin gashi ne," in ji likitar. "Jikinki ya ƙi shi, kuma in ya ƙi, ya ƙi ke nan. Kullum kika taɓa, abin ƙaruwa zai yi. Ki bar aikin."

"Jarrabawa ce kawai ta rage min, likita."

"Na ji. Ni dai na gaya miki abin da na gani."

A hanya na ce mata ta haƙura, ta koma wa zarenta. Ta ce, "Zaren wa? Hola Anzurat da ke zuwa sau ɗaya a wata ta biya ni da ƙwai? Ki bar ni in karɓi takardar. In na shiga shago sai in ce wa Farangis ta ba ni amare da gira, yara su yi rinin."

Na ga kamar da hankali a maganar. Mu'allima Barno ma ta yarda, da sharaɗin za ta sa safa biyu, ta auduga a ciki, ta roba a waje. Amma ta gaya mata gaskiya cewa ba a ba da lasisi sai an yi rini a gaban masu jarrabawa, ba yadda za a tsallake.

Saodat ta ci jarrabawar rubutu da ƙyar. Ranar ta aikin hannu muka tafi tare, ni da wankakken kaina, ita da jakar kayanta. Mata uku masu jarrabawa suka zauna a teburi, ɗaya tana zagayawa tana leƙa kwanukan rini. Saodat ta raba min gashi gida-gida, ta fara shafawa. Ɗakin ya cika da wari don ɗalibai da yawa ne ke aiki lokaci guda, tagogi kuma a rufe saboda sanyi. Ina kallonta ta madubi. Fatar idonta ta fara yin ja, tana ƙifta ido, amma hannun bai tsaya ba. Ta wanke, ta yanke, ta busar. Da aka zo kwalliyar fuska, mai zagayawar ta ce, "Wannan ba a yin sa da safar roba. Ki cire."

Saodat ta cire ta roban ta bar ta audugar, wadda ta jiƙe ta manne da fata. Matar ta kalli safar, ta kalli fuskar Saodat, ta juya ta tafi wajen wata ɗalibar. Da safar audugar ta ja min kwalli, layin kuma ya fita siriri, bai karkace ba.

Da aka gama muka shiga banɗaki. Safar ta ƙi fita. Sai da na tara ruwan ɗumi a kwano ta tsoma hannu muka jira ta saki. Ba ta yi kuka ba. Ta kalli kaina ta ce, "Kin ga launin ya kama daidai yau."

Lasisin ya fito kafin Navruz, bikinmu na sabuwar shekara a ƙarshen hunturu. Homid ya kai aka sa masa gilashi, Farangis ta kafa ƙusa da kanta ta rataye shi saman kujera ta uku. Muka dafa osh, dafa-dukar shinkafa da nama, muka kai shagon, 'yan ajinsu biyu da Farangis ta ɗauka aiki suka yi ta tsokanarta suna cewa Hola ta zama gwamnati.

Ba ta taɓa rini a shagon ba, amma rini yana ko'ina. Yana jikin tawul, yana bakin famfo, yana kan mataji, yana cikin iskar da ake shaƙa. Hannayen suka ƙi warkewa, abin ya haura wuyan hannu, ya kama mata wuya. Zaren ma ya gagara, don yana faɗawa cikin tsagar yatsa ya yanke ta. Takan naɗe yatsun da filasta, sai zaren ya riƙa zamewa.

Wata rana ina shagon na kawo mata abinci, wata budurwa ta kwanta a yi mata gira. Saodat ta kai hannu za ta ɗaga mata goshi, yarinyar ta buɗe ido ta ga yatsun, ta janye kai.

"Hola, ki yi haƙuri, wannan ba ya yaɗuwa?"

"Ba ya yaɗuwa, 'yata."

"To... ko dai waccan ta yi min?"

Ba da rashin kunya ta faɗa ba, tsoro ne kawai. Saodat ta matsa mata, ta koma bayan labule ta zauna. Na bi ta da kwanon abincin, ta ce in ajiye.

Farangis ta yi iya ƙoƙarinta. Ta ce Saodat ta zauna a bakin ƙofa ta riƙa karɓar baƙi tana ba su shayi, albashinta ba zai canza ba. Saodat ta gwada na ɗan lokaci. Amma ko a bakin ƙofar, kafin azahar idanunta sun kumbura sun rufe. Ranar da ta bari, ita ta hau kujera ta sauko da lasisin. Farangis ta ce ta bar shi, wataƙila ta warke ta dawo. Saodat ta ce, "Ki bar wa wata ƙusar nan."

Ta zauna a gida. Sannu a hankali fatar ta rufe, amma ta yi kauri ta yi sulɓi, yatsun ba sa lanƙwasuwa kamar da, ko sabulu ta taɓa sai su sake buɗewa. Sitora ta karɓi wanki da wanke-wanke. Mijin Saodat ya bugo waya daga Rasha ya ce da ma bai so makarantar nan ba. Ta ce masa haka ne, ta miƙa wa Sitora wayar.

Bazarar da ta biyo baya aka sa bikin Sitora da wani yaro malamin makaranta daga garin Isfara. Da sassafen ranar ɗaurin auren Homid ya kai mu shagon Farangis. Saodat ta tsaya a bakin ƙofa ta shaƙi iskar, ta ja baya. Aka fito mata da kujera ƙarƙashin wata bishiya mai inuwa da muke kira tut, a gaban shagon. Munisa, ɗaya daga cikin 'yan ajin nasu, ita ta karɓi amarya.

Ni na zama 'yar aike.

"Zebo, je ki ce mata girar hagu ta fi ta dama tsayi, kada ta daidaita su da ƙarfi."

Na shiga na faɗa. Munisa ta ce, "Ki ce wa Hola na gani."

"Ki ce kada ta cika hoda a ƙasan ido. Yarinyar nan za ta yi kuka."

Na shiga na faɗa, na fito.

"Me take yi yanzu?"

"Tana ja mata kwalli."

"Hannunta a tsaye yake?"

"A tsaye yake, Apa."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗora hannayenta a cinya, cikin farar safar audugar da ta saya don bikin, tana kallon motocin da ke wucewa. Can ta ce, "Ranar da na haife ta, ungozoma ta ce ba ta taɓa ganin jaririya da gira a haɗe haka ba." 

Da Sitora ta fito, 'yan shagon suka biyo ta suna riƙe mata bakin riga. Saodat ta miƙe ta sa tabarau, ta zagaya ta, ta sa ta ɗaga kai ta kalli rana, ta sa ta rufe ido ta buɗe. Munisa tana tsaye a bayansu kamar mai jiran hukunci.

"Kin iya, Munisa," in ji Saodat. "Allah ya yi wa hannunki albarka."

A mota Sitora ta zauna tsakaninmu. Saodat ta juya fuska wajen taga tun daga shagon har gida. Homid, wanda bai iya tuƙi shiru ba, ranar ko rediyo bai kunna ba.

Yanzu tare muke zama a rumfata. Ita ke auna zabibi da gyaɗa, don busasshen kaya ba ya taɓa mata fata. Mu'allima Barno ta taɓa aiko mata ta je ta koya wa sababbin ɗalibai aikin zare. Ta je sau biyu, warin ajin ya dawo da ita. Da hunturu yatsun sukan buɗe, da bazara su rufe. Wani lokaci Hola Anzurat takan biyo ta kasuwa ta zauna mana a kan buhu, girarta ta yi buzu-buzu don ta ce ba za ta ba wata yarinya fuskarta ba. Saodat takan yi mata faɗa ta ce ta je wajen Munisa. Tsohuwar takan ce za ta je, sannan ta ɗebi zabibi ta ci ba ta biya ba.