Ƙirjin Gimbiya a Kan Waya

…minti huɗu ya ce mata. Da bakinsa. Ya leƙa tagar motar Ɗanbaba ya ce, minti huɗu, Gimbiya, yanzu zan dawo. Tari ne ya amsa masa. Ga shi nan har yanzu, Malam Tambari, bisa benci a shagon kwamfutar Sule da ke bakin titin Ƙaura, ya kafa ido a kan wani shuɗin layi da aka ce idan ya cika saƙo ya isa. Ko rabi bai kai ba.

Ƙirjin matarsa ne ke tafiya. Baƙin hoton nan na asibiti mai fararen haƙarƙari, Sule ya kafa shi a taga ya ɗauka da kyamara, ya zuba a na'ura… sai Zariya, wurin Mahmud ɗan ƙanensa, likita, wanda ke zaune yana jira. In ya duba ya ce a kawo ta, mota ta miƙe. In ya ce a mai da ta gida Sakajiki a riƙa ba ta abin da ranta ke so — to. Shi ba yaro ba ne.

Lissafin ma shi ya nema, don ba ya son a yi masa abu a duhu. Nauyin hoton? Miliyan takwas. Gudun wayar? Dubu talatin da biyu a daƙiƙa. Ya raba a ka. Aji huɗu ya yi a elemantare, amma rabawa ba ta guje masa ba. Minti huɗu da ɗan kai. Bai tsaya jin sauran ba, ya fita ya kai mata albishir. Sai da ya dawo ya zauna Sule ya ce, yana sosa ƙeya, "Baba, ai ba mudunsu guda ba. Waya da bit aka auna ta, hoto ko da bayit. Bit takwas ka yin bayit guda. Sai ka raba gudun da takwas tukuna."

Dubu huɗu ke nan, ba talatin da biyu ba. Minti huɗu sau takwas. Rabin awa da ɗoriya… tana cikin wannan rana, cikin ƙarfen mota.

Kuma shi ne zai manta da wannan? Shi? Tashar jirgi, ƙarshen dogo, warin gyaɗa da gawayi. Da masinja ya fara aiki yana saurayi, babban akawu ya ga yana da kunne ya zaunar da shi gaban mabugin wayar tangaraho. Gajere, dogo, gajere. Wani harafin bugu uku, wani huɗu. Bugu dabam, harafi dabam, abin da aka fara koya masa ke nan. Kalma ashirin a minti in hannu ya yi zafi, har ana cewa kamar ruwan sama bisa kwano. Yau kuma… dubu talatin da biyu kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu. Wane yatsa? Wa ke zaune a can da fensir yana karɓa? Abin da ya yi wata yana bugawa, wannan akwatin ya haɗiye shi kafin a sha ruwa a ajiye moɗa, kuma wai a hakan ma rarrafe yake. Subhanallahi.

Sule ya ce kowane bit i ne ko a'a, shi ke nan. Haƙarƙarinta an farfasa su i da a'a, an jera su, suna bin juna ta Gusau, ta Tsafe, ta Funtuwa, ba mai tsallake ɗan'uwansa. Tsuntsu na zaune bisa waya, ƙirjin Gimbiya na wucewa ƙarƙashin ƙafarsa, bai sani ba. Matar da ko ɗan kabu-kabu bai isa ya ɗauke ta ba tun da aka ƙaddamar da Shari'a, matar da shi kansa bai taɓa ganin cikinta ba sai yau… wannan farin gajimaren da ke gefen hagu, mene ne shi? Bit nawa ne shi?

Ga ta can a wancan zamanin, tana tsaye bakin tagar ofishin waya da ƙwaryar fura, amarya, ta karkata kai tana sauraro. "Mi taka cewa?" Ya ce mata, tana cewa a turo wagunu na gyaɗa. "Duk wannan hayaniya don gyaɗa?" Dariya har fura na tangaɗi —

Inuwa a ƙofa. Ɗanbaba ne, gumi har wuya. "Malam, ta ce in gaya maka minti huɗunka sun yi jikoki."

"Kai ta ƙarƙashin dogon-yaro. Buɗe ƙofofin."

Ya tafi. Tana da sauran ƙarfin tsiya ke nan. Mai tsiya ai bai… a'a. Kar ya yi wa Allah lissafi, na waya ma ya kasa.

Layin ya wuce rabi tuni, yaushe? Sule, don ya rage masa zafi, yana ba shi labarin wata babbar waya da manyan kamfanoni ke ja a Ikko, miliyan biyu a daƙiƙa, muryar mutum talatin a lokaci guda ba mai taka ta wani. Mutum talatin! Kasuwar Shinkafi cikin zare guda. Kansa ya kama rabawa ba tare da ya sa shi ba, da takwas ɗin wannan karon, daidai. Dubu ɗari biyu da hamsin… rabin minti. Da can suke, da tuni Mahmud ya gani. Da tuni ya faɗa.

Nan lissafin ya tsaya.

Da tuni ya faɗa. Yanzu kuwa ba wanda ya ce komai. Muddin ƙirjin nan na kan hanya, ba a Ƙaura ba, ba a Zariya ba, Gimbiya mai tari ce kawai a ƙarƙashin itace, tana aiko masa da baƙar magana. Tun ɗazu yana tsine wa waya a zuci don ta yi nawa, ashe… ashe ita ce ke riƙe masa da matarsa.

Saura kamar faɗin farce. Sule ya gyara zama, ya ɗora hannu bisa tebur. "Ya kusa, Baba."

Wa ya ce masa yana sauri? Ba wata takwas ɗin kuma? Ba abin da za a sake rabawa…