Inda Bulo Ke Tsayawa

A wurin ginin nan ba a hawa da jan bulo a ka, cilla shi ake yi. Mutum ɗaya a ƙasa yana jefawa, wani a kan katako yana cafewa. Gwanintar ita ce bulon ya ƙare tafiyarsa daidai hannun mai cafewa, inda ya daina hawa bai kuma fara saukowa ba. A nan ba shi da faɗa ko kaɗan. Baba Mai Jifa ya tsufa a wannan aiki, ɗansa ne kuma ke cafe masa, har ranar da ɗan ya rikito daga katakon ya karya baya.

Yana asibiti yanzu, ƙafafu ba sa motsi. Da uwarsa ta tambayi yadda aka yi, Baba ya ce katako ne ya goce. Haka ya faɗa wa kowa, kuma da wannan maganar kaɗai yake samun barci.

Injiniyar da aka turo bincike ta hau, ta jijjiga katakon, ta tarar ƙusoshi daram. Sai ta sako tef ɗin awo daga sama har ƙasa, ta tsayar da wani lebura da ake kira Gajere a tsani, da alli a hannunsa.

"Baba, jefa min kamar yadda ka saba," in ji ta. "Bulo tun daga barin hannu yake rage gudu har ya tsaya. Ƙarfin da ya tashi da shi ne ke yanke masa iyaka. Iyakar nake so in gani."

Abin ya yi masa ciwo. Shi za a gwada wa jifa?

"'Yata, tun ba a haife ki ba nake wannan aiki."

Ya tofa yawu a tafi, ya rage tsawo, ya cilla. Bulon ya hau, ya yi ɗan tsayawarsa, ya dawo ya fashe a ƙasa. Gajere ya ja layi a bango. Baba ya ce hannunsa ne bai warware ba. Ya sake, ya kuma sakewa har kafaɗarsa ta yi ƙara, ya zuba duk abin da ya rage masa a jifan ƙarshe.

Layin da ya fi kowanne tsawo bai ko kai katakon ba. Saura kusan kamu guda.

Injiniya ta dubi tef, ta dubi tsohon. Ba sai an yi masa lissafi ba. Wanda zai cafe bulo a nan sai ya durƙusa a bakin katako, ya zuro rabin jikinsa waje.

"Amma ai yaron bai taɓa kuskurewa ba," in ji Baba.

Gajere ya sauko, ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba, tun bara yake sunkuyowa. Ya ce duk wanda ya faɗa maka, shi da shi ne. Wai in aka gane za a sallame ka."

Baba ya zauna a kan yashi. Kullum in an tashi aiki yakan tsokani ɗan cewa matasan yanzu ba su da ƙashi, ɗan kuma ya yi dariya ya ce, "Ai hannunka na nan, Baba."

Da la'asar ya tafi asibiti. Uwar ta tare shi a bakin ƙofa.

"Sun ga katakon?"

"Sun gani."

Daga kan gado ɗan ya juyo da kai, ya yi murmushin ƙarfin hali.

"Baba, wa ke cafe maka yanzu? Ka ce masa ya tsaya sosai, jifanka da ƙarfi."