Ruwa Na Biyu

Kwana tara ke nan da aka sallamo Ulyana daga asibiti, kuma kwana tara ke nan tana ƙin shan komai daga hannun mijinta. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke mata hannun dama da fiye da rabin magana, amma likita ya ce maƙogwaronta lafiya lau yake. Ƙi ne kawai. In Zenko ya kawo shayi sai ta shanshana, ta juya fuska bango. Ruwa ma sai ya yi da gaske take karɓar cokali uku ko huɗu.

Ranar Talata Miroslava, mai jinyar da ke zagaya gidajen tsofaffin unguwar, ta tsunguli fatar bayan hannun Ulyana ta saki, fatar ta daɗe ba ta kwanta ba. Ta ja Zenko zuwa kicin.

"Kawu Zenko, ba zan ɓoye maka ba. In na dawo Juma'a na same ta haka, sai dai a mayar da ita asibiti a sa mata roba ta hanci. Kai ma dubi yadda ka rame, wandonka na neman faɗuwa."

Bai ji maganar wandon ba, ta robar ce ta tsaya masa a rai. A asibiti Ulyana ta riƙe masa hannun riga da hannunta mai lafiya, ba ta sake shi ba sai da ya rantse cewa ba zai bari a sake kwantar da ita a can ba. Tsoro ya kama shi sosai.

Zenko tsohon direban jirgin ƙasa ne, mutumin baƙin shayi mai kauri kamar kwalta. Shekara goma sha biyu da suka wuce hawan jini ya raba shi da shi. Ulyana ta je shagon bakin tasha ta sayo koren shayi na ƙulli, irin mai ɗan zare, mai ƙamshin lemun tsami da na'a-na'a, mafi arha a kan kantar. Ya ce ƙamshin sabulun wanka yake yi. Ya sha yana mita, kuma mitar ba ta hana shi miƙo kofi kullum ƙarfe huɗu na yamma ba.

Ƙulli ɗaya suke sha su biyu. Takan haɗa nasa, ta ɗaga ƙullin ta zare ta ajiye a ɗan faranti, ta tafi yanka burodi, ta dawo ta zuba wa kanta ruwa a kan wanda ya riga ya jiƙa. Mu mutanen garin Kolomiya da muka sha bin layin sayen sukari a zamanin ƙarancin kaya ba ma jefar da ƙulli bayan ruwa ɗaya, babu wanda ke ganin wani abu a ciki. Shi ma bai taɓa gani ba, sai da ya zauna a bencin asibiti yana jiran a ce masa ta rayu ko ta tafi. A nan kunya ta rufe shi. Shekara goma sha biyu matarsa na shan sauransa, shi kuwa ko sannu.

Don haka tun da aka dawo da ita ya ɗauki alwashin gyarawa. Kowane kofi sabon ƙulli. Ruwa yana tafasa yake juyewa, ya bar shi minti goma, ya matse da bayan cokali har ruwan ya yi duhu, domin a wurin Zenko shayin da ake hango gindin kofi ta cikinsa raini ne. Sai ya kawo ya tsaya a kanta kamar mai duba tikiti. Shi kansa bai ƙara haɗa wa kansa ba, ruwan famfo yake kurɓa a tsaye.

Ranar Laraba ya hau bas zuwa babban kanti ya sayo shayi mai tsada, mai ƙamshin furanni, kwalinsa har da zanen zinariya. Ta juya bango. 'Yarsu Solomiya ta bugo daga Italiya ta ce a sa zuma. Ya sa, aka yi asarar zumar.

Alhamis da ƙarfe huɗu ya koma kan tsohon shayinsu, ya haɗa yadda ya saba, ya kawo a tire da butar ruwan zafin. Ta shanshana ta rufe baki. Ya zauna a kujerar gefen gado a karon farko, ransa a ɓace.

"Ulya, me na yi miki? Gobe Juma'a. So kike su ɗauke ki, in zama maƙaryaci da furfurata? To, in ba ki sha, ni in sha."

Ya kurɓa. Ɗaci ya ɗaure masa harshe kamar ya tauna ƙwayar magani, ya gane cewa wanda take haɗawa bai taɓa yin haka ba, kuma tun da aka sallamo ta irin wannan abin yake kai mata baki. Don taurin kai ya ci gaba da sha. Da ya ɗago, sai ya ga ba bango take kallo ba, shi take kallo, tana bin kofin da ido har ya shanye. Daga nan idonta ya sauka kan tiren. Ƙullin na nan a ɗan faranti, hannunsa ya ajiye shi bisa sabo. Ta miƙa yatsa ta ƙwanƙwasa bakin farantin.

"Wannan ai saura ne, tsohuwa. Bari in buɗe miki sabo."

Bakinta ya yi ta kokawa kafin kalmar ta fito.

"Nawa."

Sai ya gane sauran take so, shi ne nata. Ruwan butar ya riga ya huce, don ya daɗe yana lallashi. Ya zuba a kan ƙullin. Abin da ya fito fari-fari ne, da ƙyar za a kira shi shayi, sai ɗan ƙamshin lemun tsami da ke tashi a hankali. Ya tallafo kanta. Ta kurɓa, ta huta, ta sake kurɓa, har gindin kofin ya bayyana. Zenko ya yi kuka, bai ma juya baya ba.

Daga baya ya tambaye ta, shin daman haka take son sa, ko kuwa bar masa mai kyan take yi duk shekarun nan? Ɓarin bakinta mai lafiya ya ɗan motsa, ta lumshe ido. Bai sake tambaya ba.

Juma'a da hantsi Miroslava ta zo ta tarar da kofuna biyu a tire da jiƙaƙƙen ƙulli ɗaya a faranti. Ta tsunguli fatar, ta ce da sauran aiki, amma za ta ƙara musu lokaci zuwa Litinin. Tana rubutu a takardarta Zenko ya zuba ruwa na biyu, ya ɗauki kofin Ulyana zai kai mata baki, nasa na gefe yana hucewa bai taɓa ba. Ulyana ta datse leɓe. Ta tura masa farantin burodi da bayan hannu, ta nuna kujerar.

"Kai tukuna," in ji ta.

Ya zauna ya gutsuri burodin, ya ɗauki kofinsa, ita kuma ta jira har ya shanye.