Ƙarar Keke a Kan Muryar Auta

Tela mutum ne mai riƙo, kuma bai taɓa ɗaukar hakan aibu ba. Shagonsa da na Mai Aski, mijin ƙanwarsa, bangon bulo ɗaya ne ya raba su. Yana da tsohon rediyo a kan kanta, kusa da kwalin zare, kuma tasha ɗaya yake kamawa daga buɗe shago zuwa rufewa.

Rigimar ta samo asali ne daga wata 'yar na'ura da Mai Aski ya sayo, wadda ba ta fi kwalin ashana ba. Yana haɗa ta da wayarsa, ita kuma ta watsa kiɗan a iska, babban rediyon shagonsa ya kama ya cika wa masu jiran layi kunne. Sai dai lambar da ya saita ta a kai tana manne da ta tashar Tela, ya kuma ƙara mata doguwar waya a matsayin eriya ya rataye a ƙusa. Da zarar ya kunna, mai karanta labarai ya nutse ke nan a rediyon Tela, sai ganga da sarewa.

Tela ya leƙa ya ce, "Ka matsar da ita can ƙarshe mana, akwai fili, babu tashar kowa. Ka kuma cire jelar nan da ka sa mata."

Mai Aski bai ko ɗaga almakashi daga kan da yake yi wa aski ba. "Haba Yaya, yaushe aka raba gadon iska ban sani ba? Kai fa tsufa ne ke damun kunnenka." Masu jiran layi suka kwashe da dariya.

A cikin wannan kiɗa ne aka yi sanarwar rasuwar tsohon da ya koya wa Tela ɗinki, wanda ya fara ɗora masa ƙafa a kan keke. Tela bai ji ba. Sai da aka kwana biyu da binne shi wani mai kawo gyaran wando ya ce, "Ai na yi ta duba ka a wurin, na ce ko ba ka gari." Tela ya gama gyaran wandon tsaf, ya ninke, ya miƙa masa. Da ya faɗa wa Mai Aski, sai ya ce, "Ayya, Allah ya jiƙansa," ya rage ƙara na yini ɗaya, washegari ya mayar.

Tela bai sake tayar da maganar ba. Ya dai riƙa juya ta a ransa yana taka keke: in mutum bai yi nufin cutar da kai ba, amma ka gargaɗe shi ya yi dariya, laifin nasa ya kai na mai nufi ko bai kai ba? Kullum amsa ɗaya yake samu. Ya kai.

Ana nan sai Auta, ƙaramar 'yar Mai Aski, ta samu aiki a tashar nan. Aka sa ranar da za ta fara karanta labaran rana. Mai Aski ya cika layin da shela, ya yi alkawarin aski kyauta ga duk wanda ya zo sauraro. Rigar da za ta sa ma Tela ne ya ɗinka. Da ta zo karɓa ta ce, "Kawu, ba a ganin mutum a rediyo fa." Ya ce, "Ana ji a murya idan riga ta zauna."

Da yammacin ranar da ta karɓi rigar, Tela ya je wurin mai gyaran rediyo ya sayi tasa na'urar, mai ɗan makirufo a jiki da ke ɗaukar duk ƙarar da ke kusa. Mai gyaran ya ce, "Ka nemi inda rediyo ke shuu babu kowa, can za ka saita ta. Kada ka ƙara mata waya, kada ka hau kan tasha, ka shiga haƙƙin maƙwabta." Tela ya saurara da kyau. Duk abin da aka ce kada ya yi, shi ya je ya yi.

Ranar ta zo. Shagon Mai Aski ya cika har baranda, ƙanwar Tela na zaune a kujerar aski an ba ta wurin girma. Karo na farko ke nan da aka kashe kiɗan da rana tsaka. Tela ya ce yana da aikin gaggawa, zai ji a nasa.

Aka buga taken labarai. Wata siririyar murya ta yi sallama, tana ɗan rawa. Tela ya ajiye na'urar a gindin allura, ya kunna, ya taka keke.

Ta cikin bango ya ji ihun ya tashi. "Me ya faru? Juya eriyar! Buga shi!" Daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Amma ya yi zaton shi zai ci gaba da jin ta, su kaɗai za su rasa. Bai lissafa cewa rediyonsa ne ya fi kusa da na'urar ba. Babu abin da ke fitowa daga kan kantarsa sai kakat-kakat ɗin kekensa. Ya ji hakan sarai, bai ɗaga ƙafa ba.

Mai Aski ya faɗo shagon, gumi sharkaf, da tawul a kafaɗa. "Yaya, don Allah taimaka, nawa ya lalace, bari mu ji a na..."

Muryarsa ta fito daga rediyon Tela, ta kuma fito da ƙarfi ta bayan bango, a gaban duk mutanen da ya tara. Ya tsaya. Ya bi doguwar wayar da ido daga ƙusa har gindin allura.

"Yarinyar me ta yi maka?"

"Tsohon me ya yi maka?" in ji Tela. Wannan ma kowa ya ji.

Ƙanwarsa ce ta shigo, ba ta kalli kowa ba, ta fizge wayar. Tasha ta dawo tangaran. Wani namiji ne ke magana, yana gode wa sabuwar abokiyar aikinsu da ta kawo labarai.

Tela ya laluba ransa ko zai taɓo nadama. Daɗin nan ya tarar, da sauran ɗuminsa, kuma wannan ya fi ba shi tsoro.

Wayar ƙanwarsa ta yi ƙara. Ta duba, ta ɗauka, ta manna wa Tela a kunne da hannunta, ta ƙi saki. Dole ya yi sallama.

"Mama? Au, Kawu ne! Na yi tuntuɓe a labari na biyu ko? Su Baba ba za su faɗa mini gaskiya ba, kai za ka faɗa. Yaya ka ji ni?"

Mai Aski ya ja benci ya zauna a bakin ƙofa, ya tare hanya, yana jira shi ma ya ji amsar.